Rage tarkacen gida sannu a hankali: tambayoyi da amsoshi

Shekara biyu ke nan da muka tashi daga Tudun Wada muka koma Rigasa, a nan Kaduna. Ɗaki biyu da falo muka bari, amma sai da a-kori-kura ta yi sawu uku kafin gidan ya zama wayam. Da aka sauke sawu na ƙarshe na tsaya a tsakar gida ina kallon kayan, na ga kusan dukkansu rabon da in sa musu hannu tun ina goyon ɗana na fari. Daga ranar na fara ragewa kaɗan-kaɗan, har yau kuma ina kai. Maƙwabta da 'yan ajinmu na Islamiyya da suka ga ɗakina ya yi fili sun yi ta tambayata. Ga tambayoyin da suka fi maimaituwa, da abin da nake ce musu.

Ni kayana duk masu kyau ne, babu na zubarwa. Ina ruwana da maganar tarkace?

Ba sai abu ya lalace yake zama tarkace ba. Duk abin da ya tare wuri a ɗakinki, kina goge masa ƙura, kina ɗaga shi in za ki ɗauko wani abu, amma ba ya yi miki aikin komai, ya shiga sahu ko da sabo ne fil a ledarsa. Ma'aunin da nake amfani da shi shekara guda ce, don a cikinta komai yana zagayowa: damina, hunturu, bazara, azumi, ƙaramar salla da babba, ga biki ga suna. Abin da duk waɗannan suka wuce ba ki neme shi ba, da wuya ki neme shi baɗi. Babbar tukunyar da ake ara duk lokacin da aka yi haihuwa a layinku ba ta cikin wannan lissafi, ita tana bakin aikinta.

Me ya sa sai a hankali? Ba gara in ware Asabar guda in gama ba?

Na gwada. Na zazzage sif gaba ɗaya a kan gado da hantsi, kafin La'asar bayana ya ƙage, yara sun dawo suna neman abinci, ana kiran Magariba na tattara komai na cusa inda na ɗauko shi, har ya fi da hargitsewa. Kuma ba jiki kaɗai ke gajiya ba. Kowane zani ka ɗaga sai zuciya ta yi shawara, a bari ko a bayar, in ta yi hakan sau hamsin sai ta koma cewa a bari kawai.

Sannu ba ta hana zuwa. Ki ɗauki durowa ɗaya, ko akwati ɗaya, ko kanta ɗaya ta kicin, ki ba ta minti goma sha biyar bayan wanke-wanken safe. Ki ajiye buhu na kyauta, kwali na sayarwa, bokiti na shara. Sharaɗi ɗaya nake riƙewa da ƙarfi: buhun kyauta ba ya wuce Juma'a a gidana. In ya wuce, wata rana zan kwance shi in ce bari in sake dubawa, daga nan magana ta ƙare.

Ki fara da abin da babu ƙauna tsakaninku: robobin da murfinsu ya ɓata, gwangwanayen madara, ledojin da aka cusa bayan ƙofa, kular da ta daina riƙe zafi, cajar wayar da aka daɗe da rabuwa da ita. Hotuna da kayan iyaye ki bar su sai can ƙarshe, lokacin da hannu ya saba da saki.

To ai an ce ajiya maganin wata rana. Da tsadar nan, in na bayar yau gobe na buƙata fa?

Gaskiya ne, kuma ba na raina wannan tsoro. Iyayenmu sun ga lokacin da abu yake yankewa a kasuwa, mu ma muna ganin yadda kuɗin atamfa da na tukunya suke hawa. Abin da kika tabbata za ki buƙata, kamar kayan jariri alhali kina sa ran wata haihuwar, ki wanke ki adana shi da kyau.

Sai dai ki tambayi kanki ko ajiyar tana ajiyuwa. A Kaduna ruwa yakan ɗauki wajen wata shida yana sauka, daga wajen Mayu zuwa Oktoba, ɗakin da ba a buɗewa kuwa danshi yake sha. Takalmi da jakar fata su yi fumfuna, gara ta shiga kwalin da ke ƙasa ta cinye littattafai daga ciki, asu ya huda tufafi. Hunturu ya zo ya lulluɓe saura da ƙura. Akwai wata atamfa cikin kayan lefena, mai ruwan ganye da zanen tsuntsaye, da na yi ta tanadi ina cewa sai babban biki. Shekara goma sha ɗaya tana ƙasan akwati. Ranar da na warware ta, duk layin ninkin ya koɗe ya yi fari, ina ja kaɗan ta tsage a hannuna kamar takarda. Na zauna a bakin gado na yi shiru, don na tuna ƙanwata ta taɓa roƙona ita tana amarya na hana.

Ga kuma lafiya. Tulin kaya a lungu gidan ɓera ne, ɓera kuwa shi ke yaɗa zazzaɓin Lassa ta fitsarinsa da kashinsa a kan abinci da kwanuka. Cutar an fara gano ta a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno a yau, kuma da rani ta fi tashi. Tsohuwar taya da gwangwanin da suka tara ruwan sama a bayan ɗaki, nan sauro yake ƙyanƙyasa. In kuma gidan haya kike, ɗaki biyu kuke biya amma ɗaya ya zama sito, to rabin kuɗin hayar shekara tarkace ake biya wa, yara kuma suna cunkushe a falo.

Kayan ɗakina fa? Mahaifiyata ta sha wahala kafin ta haɗa min su.

Nan ne wurin da ya fi nauyi, kuma duk wadda ta ce miki abu ne mai sauƙi ba ta san yadda ake haɗa kayan ɗaki ba. Uwa takan fara tari tun 'yarta tana firamare. Ta yi adashe, ta sayar da ƙosai ko ƙuli-ƙuli, ta sayi samira saiti ɗaya ta ɓoye a ƙarƙashin gado, baɗi ta ƙara kwalla, wata shekarar ta ƙara tangaran. Ranar jere dangi su taru su ga abin da ta yi. Saboda haka in kika kalli kabet ɗin nan cike da kwanukan da ba a taɓa cin abinci a ciki ba, guminta kike gani. Kuma a wurin iyayenmu jere dukiya ce ta mace, abin da za ta ɗaga ta sayar ranar da ta shiga matsi ba tare da ta roƙi kowa ba.

Abin da na yi shi ne na tambayi kaina don me Inna ta saya min su. Don in ji daɗin zaman gidana ta saya, kuma don in fita kunya. Sai na sauko da saiti ɗaya na tangaran muka fara cin abinci a ciki, har ɗaya ya fashe, ban kuma ji ciwo ba, don ya yi aikin da aka saye shi dominsa. Na ware kwalla ɗaya da tasa biyu da nake jin su har raina, na bar su. Sauran na haɗa su gudummawa lokacin da za a aurar da 'yar ƙanin mahaifinmu, marainiya ce.

Amma kafin in taɓa ko cokali sai da na je har gida na durƙusa na ce, "Inna, kayan nan da kuka yi min sun fi ƙarfin ɗakina, ga shi za a yi wa yarinyar nan jere babu mai tsaya mata. In kun amince in ba ta wasu, ladan naku ne." Ta yi shiru, sannan ta ce in kawo ta zaɓa da kanta. Ita ta ƙara da wasu daga nata ɗakin. Da na yi gaban kaina ta ji a bakin mutane, da maganar ta zama ta raini. Kayan naki ne, babu mai ja, amma zuciyar da ta tara su tana da hakki a kanki.

Kayan mamaci fa? Tun rasuwar mahaifinmu ɗakinsa yake a rufe.

Allah ya jiƙansa. Wannan ba irin sauran ba ne, domin daga ranar da mutum ya cika, duk abin da ya bari ya zama gado, har hularsa da butarsa. Ba ya halatta ɗaya daga cikin 'ya'ya ya kwashe tufafin ya yi sadaka da su don yana ganin alheri ne, sai da yardar dukkan magada. Ana fara fitar da kuɗin jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyya matuƙar ba ta wuce sulusi ba, sannan a raba. In akwai ƙananan yara cikin magada, rabonsu amana ne, babu mai ikon yafe shi a madadinsu, kuma gargaɗin da ya zo kan dukiyar maraya a aya ta 10 ta Suratun Nisa'i ya isa ya sa mutum ya yi taka-tsantsan. Ku nemi malamin da ya san rabon gado ya zauna da ku.

Rufe ɗakin shekara da shekaru ba ya ƙara wa mamaci komai, manyan rigunan ne kawai suke lalacewa. Bayan an raba, kowa ya riƙe abu ɗaya ko biyu da ke tuna masa da shi. Ni carbin Baba ne a wurina, da wani ƙaramin littafi da yake rubuta lissafin shagonsa da ajami.

Wa zan ba? Ina jin nauyin ba mutum kwance.

Kwance ba abin kunya ba ne in an ba shi da mutunci. Aya ta 267 ta Suratul Baƙara ta hana mu nufin mummunan abu mu bayar, irin wanda mu kanmu ba za mu karɓa ba sai mun runtse ido. Don haka ki wanke, ki goge, ki ɗinke inda ya farke, ki sa a leda mai kyau. Abin da ya zama tsumma ki bar shi tsumma, ki yi goge-goge da shi. Ki bayar a sirrance, ba a gaban yara ko baƙi ba, kuma ki fara tambaya, "Yaya, ina da wasu kaya da suka yi min kaɗan, ko kina da wadda za su yi wa?" Wannan tana ba ta ƙofar karɓa ko ƙi ba tare da jin kunya ba.

Masu buƙata suna kusa: mai taya ki aiki, bazawarar da ke riƙe da marayu, almajiran da ke kwana a soro cikin sanyin Disamba da Janairu babu rigar sanyi babu bargo. Limamin unguwa ya san gidajen da ba sa iya roƙo, maƙwabtanmu Kirista ma suna haɗa irin wannan ta cocinsu. Ayar ƙarshe ta Suratul Ma'un ta zargi masu hana kayan amfanin yau da kullum, malaman tafsiri kuma suka ba da misali da guga da tukunya da gatari. Nakan tuna da ita duk lokacin da na ga turmi biyu a gidana.

In ina son in sayar fa?

Halal ɗinki ne. Dillaliya tana shiga gida-gida da zannuwa da kwanuka, ku yi magana kan ladanta tun farko. Kasuwar Barci an san ta da gwanjo, tsohon ƙarfe da mataccen injin kuwa 'yan gwangwan suna auna su a kan sikeli su biya, ko a kai Panteka inda maƙera ke mayar da su wani abin. Wasu suna sa hoto a WhatsApp ko Facebook. Kada ki sa ran kuɗin da kika saya, kuma ki yanka wa kanki wa'adi, in mako biyu ya wuce ba a taya ba ya koma buhun kyauta. Tsohuwar waya ki cire layi da katin ajiya, ki goge komai kafin ta bar hannunki. Mai sayen da ba ki sani ba a yi cinikin a ƙofar gida.

Akwai abin da bai kamata a bayar ko a zubar ba?

Maganin da ya rage ko wa'adinsa ya wuce ba abin kyauta ba ne, ki tambayi ma'aikacin lafiya yadda za ki rabu da shi. Takardun fili da na hukumar filaye ta jihar Kaduna (KADGIS), takardar haihuwa, sakamakon WAEC da NECO, rasit ɗin haya, waɗannan a haɗa su a jaka ɗaya da ruwa ba ya shiga, a ɗora a sama. Takardun da ke ɗauke da ayoyi ba a haɗa su da shara, a ƙone su a wuri mai tsabta ko a binne. Roba da katifar soso kada a cinna musu wuta a tsakar gida, hayaƙinsu yana cutar da ƙirji. Kada kuma a tura shara kwata don ana ruwa, ita ce take toshe magudana ruwan ya dawo cikin gidaje.

Maigidana ne mai tarin. Tsofaffin rediyo, jaridu, kayan janareta.

Kada ki taɓa masa ko ƙusa ba da saninsa ba, haka ma kayan surukarki in kuna tare. Ki gyara naki ɓangaren ki yi shiru. Nawa sai da ya yi wata huɗu yana ganin sif ɗina yana rufuwa ba tare da an danna da gwiwa ba, sannan wata Lahadi ya kira mai gwangwan da kansa.

Yaya zan hana su sake taruwa?

Ki lura da ƙofar da suke shigowa. A gidana biyu ce: robobi da kofunan da ake rabawa a biki, sai anko. Na biki ina dawowa nake miƙa su tun suna ledarsu. Anko kuwa ba kowanne nake yi ba yanzu, sai na dangi na jiki, in na yi kuma kala ɗaya ta shigo, ɗaya ta fita. Akwai bikin 'yar yayata wata mai zuwa, ɗinkin yana wurin tela, na riga na wanke leshin da zai ba shi wuri, na goge, yana cikin leda a bakin ƙofa.