Matsalolin kunna bidiyo a burauza

Matsalolin kunna bidiyo a burauza su ne duk wani cikas da ke hana bidiyon intanet tafiya daidai a cikin manhajojin buɗe shafuka irin su Chrome, Firefox, Edge, Safari da Opera. Wani lokaci bidiyon ya ƙi tashi sam, wani lokaci ya riƙa tsayawa ɗan zoben nan yana ta juyawa, wani lokaci kuma murya ta fito amma hoton ya yi baƙi ƙirin. A Yamai da Tawa, hukunci guda ake yanke wa dukkansu: "ba rezo". Sau da yawa haka ɗin ne. Sai dai bidiyo yana bi ta hannu huɗu kafin ya iso ido, wato sabar shafin (babbar kwamfutar da ke ɗauke da shi), hanyar sadarwa, burauza, da ita kanta na'urar, kuma kowane hannu yana da irin alamar da yake bari idan shi ne ya gaza.

Yadda bidiyo ke isowa

Shekaru da dama burauza ba ta iya kunna bidiyo da kanta, sai da taimakon wata ƙarin manhaja, galibi Adobe Flash Player. Tsarin HTML5, wanda ƙungiyar W3C ta kammala a 2014, shi ya ba burauza wannan iko kai tsaye. YouTube ya mayar da shi tsarinsa na farko a Janairun 2015, kamfanin Adobe kuma ya daina kula da Flash ranar 31 ga Disamba 2020.

Manyan shafuka a yau ba sa aiko da bidiyo dunƙule guda. Suna yayyanka shi gutsure-gutsure, kowanne na ƴan daƙiƙoƙi, su ajiye kowane gutsure a matakan kyau daban-daban, daga 144p mai dishi-dishi har zuwa 1080p da abin da ya fi. Tsare-tsare biyu ne suka fi yaɗuwa a wannan aiki: HLS na kamfanin Apple, wanda ya fito a 2009, da MPEG-DASH na 2012. Burauza takan auna ƙarfin hanya, ta roƙi gutsuren da ya dace da shi, ta tara kaɗan gaba kafin mai kallo ya iso wurin. Wannan tarin kamar randa yake: mai garuwa yana zubawa, mutan gida suna ɗiba. Muddin zubi ya fi ɗiba, ba wanda zai lura da komai. Ranar da ɗiba ta fi zubi, randa ta ƙafe, a nan ne zoben ke fara juyawa.

Hanyar sadarwa

Alamar laifin hanya ita ce bidiyo ya tashi, ya yi tafiya kaɗan, ya tsaya, ya sake tashi, ko kuma hoton ya riƙa dusashewa yana dawowa da kansa. YouTube ya bayyana saurin da kowane mataki ke bukata: kusan megabit 0.7 a daƙiƙa don 360p, 1.1 don 480p, 2.5 don 720p, 5 don 1080p, da 20 don 4K. A nan mutane kan rikice, domin sauri da megabit ake auna shi, forfe kuwa da megaoktet ake sayar da shi, wato Mo, ko da gigaoktet, wato Go, mai kusan Mo dubu, kuma bit takwas ne ke yin oktet ɗaya. In aka yi lissafi da waɗancan alƙaluma, awa guda ta kallo a 720p za ta iya cin fiye da Go 1, alhali a 360p ba za ta wuce kusan Mo 300 ba. A ƙaramin gilashin salula bambancin kyan bai taka kara ya karya ba, balle ga mai sauraren tafsiri ko labarai wanda murya ce bukatarsa. Saboda haka sauke mataki da hannu, ta alamar saiti da ke jikin bidiyon, shi ne magani mafi arha, yana kuma tsawaita ran forfe.

Cikar sandunan rezo a saman waya ba shaidar sauri ba ce. Sandunan suna nuna ƙarfin siginar da ke tsakanin waya da eriya ne kawai. Eriya guda kuwa jama'ar unguwa ne ke raba ta, shi ya sa bidiyon da ya tafi sumul da asuba yake rarrafe bayan isha'i. Haka abin yake a wuraren sayar da tikitin wifi, inda mutum ashirin ko talatin ke rataye a layi ɗaya. Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin unguwa. Nijar ba ta da gaɓar teku, don haka yawancin zirga-zirgarta ta intanet tana bin wayoyin fiba na ƙasa zuwa maƙwabta masu gaɓa, irin su Benin, kafin ta hau wayoyin ƙarƙashin teku. Idan aka sami yankewa a can, gari duka zai ji a jikinsa, kuma babu saitin burauzar da zai gyara.

Wani abin da ke ruɗar mutane shi ne nau'in forfe. Akwai wanda aka keɓe wa shafukan zumunta kaɗai: WhatsApp da Facebook suna aiki lafiya, amma da an taɓa mahaɗin da ke kai wa wani shafi, sai bidiyon ya ƙi. Tikitin wifi da ya ƙare ma haka yake yi, waya na nuna tana haɗe amma ba abin da ke wucewa. Da yake masu waya da yawa suna riƙe da layi biyu daga cikin Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom da Niger Telecoms, gwajin yana da sauƙi: a juya zuwa ɗaya layin a ga ko labari zai sauya.

Shirin kai tsaye ya fi kowanne saurin tsayawa, domin randarsa ƙarama ce. Ba a tara abin da bai riga ya faru ba. Mai kallon kokowar takobi daga nesa ya san haka, a daidai lokacin da aka ɗaga ƙafar ɗan kokowa ne hoton kan daskare. Ja da shirin baya da rabin minti, inda shafin ya yarda, yana ba randar damar cika.

Burauza

Idan hanya lafiya take, sauran shafuka na buɗewa da sauri, amma bidiyo ya ƙi tashi, sai a dubi burauza. Tsufa ne laifinta na farko. Kwamfutocin hannu na biyu da ke cika shagunan gyara da wuraren buga takardu, da yawansu har yau Windows 7 ke kansu. Microsoft ya daina kula da ita ranar 14 ga Janairu 2020, Chrome 109 na farkon 2023 shi ne na ƙarshe da ke hawa kanta, a ɓangaren Firefox kuma 115. Shafuka suna ci gaba, irin wannan burauza tana tsaye wuri guda, sannu a hankali sai su daina jin yaren juna.

Na biyu shi ne ma'ajiyar wucin gadi, inda burauza ke adana guntayen shafukan da aka taɓa ziyarta. Idan abin da ke ciki ya lalace ko ya tsufa, shafi guda zai riƙa ƙi alhali sauran suna aiki. Ctrl da F5 na tilasta sabon lodi. Ctrl, Shift da Delete na buɗe wurin shara. A allon rubutu na Faransanci, wanda ya fi yawa a Nijar, su ne Ctrl, Maj da Suppr. Sai a lura, share kukis, wato ƴan bayanan da shafi ke ajiyewa don ya gane mutum, yana fitar da shi daga asusunsa, kuma mutane da yawa sun rasa Facebook ɗinsu don sun manta kalmar sirrin da wani ya buɗe musu da ita.

Ƙananan manhajojin da ake liƙa wa burauza, musamman masu toshe talla da masu sauke bidiyo da VPN na kyauta, mai bi da haɗin intanet ta wata saba, su ma kan tare hanya. Tagar sirri, wadda Ctrl, Shift da N ke buɗewa a Chrome, takan tashi ba tare da su ba. In bidiyo ya yi aiki a can, an kama ɓarawo. Yanayin tsimin data na Opera Mini, wanda ke bi da shafuka ta sabar kamfanin ya matse su, yana da amfani ga rubutu amma yakan karya shafukan bidiyo.

Akwai abin da ba lalacewa ba ne. Tun 2018 Chrome ke hana bidiyo tashi da sauti da kansa a shafin da mutum bai saba shiga ba, don haka shirun farko da gangan ne. Shafukan biya irin su Netflix kuma suna kulle bidiyonsu da makullin haƙƙin mallaka, Widevine a Chrome da Firefox, PlayReady a Edge, FairPlay a Safari. Idan aka kashe wannan sashe a saiti, YouTube zai yi aiki, su kuwa su ƙi.

Na'ura

Bidiyo a matse yake zuwa, na'ura ce ke warware shi ta hanyar abin da ake kira kodek. H.264 na 2003 kusan kowace na'ura ta san shi. VP9 na Google da AV1 na 2018 sun fi tsimin data, amma tsohuwar na'urar da ba ta da sashen warware su dole ta ɗora aikin a kan ƙwaƙwalwarta. Alamar ita ce randa cike take, amma hoto na tsalle-tsalle, murya ta riga baki, fanka na kuka. Zafi yana ƙara dagula lamarin: a Afrilu da Mayu, lokacin da Yamai ke haura digiri 40, waya da kwamfuta kan rage gudunsu da kansu don kada su ƙone, ƙurar hunturu da ta toshe fanka kuma tana sa hakan ya zo da wuri. Hoto baƙi ko kore tare da murya yawanci saɓani ne tsakanin burauza da katin hoto. Kashe taimakon katin hoto a saitin burauza, ko sabunta direbansa, wato manhajar da ke sarrafa katin, shi ke warware shi.

Agogo ma yana da hannu, ko da yake ba kasafai ake zarginsa ba. Kowane shafi mai https yana da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa. Tsohuwar kwamfutar da ƙaramin batirinta na ciki, mai lamba CR2032, ya mutu takan koma wata tsohuwar shekara duk lokacin da aka ɗauke wuta, sai burauza ta ɗauka takardun shafuka ba su da inganci ta ƙi buɗe su. Daidaita kwanan wata da lokacin Nijar, awa ɗaya gaba da GMT, yana gyarawa na yau; sauya batirin ne ke raba gardama.

Shafin kansa

Wani lokaci laifin yana can. An goge bidiyon, ko mai shi ya mayar da shi na sirri, ko saba ta faɗi. Lamba 404 na nufin babu abin, 403 an hana shiga, 500 zuwa sama kuma sabar ce ba ta da lafiya. Wasannin ƙwallo da finafinai da yawa an kulle su ga wasu ƙasashe saboda yarjejeniyar haƙƙin nunawa, shi ya sa ɗan'uwa da ke Abijan ko Faransa zai turo mahaɗi yana cewa a wurinsa yana aiki, a Tawa kuma ya ƙi. Shafin da ya ce sai an sauke Flash ko wani "sabon mai kunna bidiyo" kafin a kalla, tarko ne, kuma ta nan ƙwayoyin cuta da yawa ke shiga na'urori.

Gano inda matsala take

Ƙwararrun masu gyara ba sa taɓa abu biyu a lokaci guda, don in an sauya uku aka dace, ba a san wanne ya yi aiki ba. Sukan fara da wani bidiyo a wannan shafin, sannan wani shafin daban, sannan tagar sirri, sannan wata burauza, sannan wani layi, daga ƙarshe wata na'ura a kan wannan layin. Inda bidiyo ya fara tafiya, matakin da aka sauya a nan shi ne mai laifi. YouTube yana da taga ta ƙididdiga da ke fitowa idan aka danna maɓallin dama na linzami a kan bidiyo, tana nuna saurin hanya, yawan daƙiƙoƙin da ke cikin randa, kodek ɗin da ake amfani da shi, da adadin hotunan da na'ura ta zubar. Randa ba komai, laifin hanya ne. Randa cike amma hotunan da aka zubar na ta hauhawa, laifin na'ura ne.