Littafin matasa kan sojan da ya dawo daga yaƙi: tambayoyi da amsoshi

Wane irin labari ne wannan, kuma me ya sa ake cewa na matasa?

Labari ne da yake farawa daga inda labarin yaƙi ya saba ƙarewa, wato ranar da soja ya sauko daga mota da jakarsa ya shigo gida, an yi murna an yi girki, baƙi sun watse, toh sai me? Ana cewa na matasa ne saboda wanda ake bin labarin ta idonsa bai wuce shekara 15 zuwa 20 da ɗoriya ba, ko dai sojan da kansa, tunda da yawa daga cikin kuratan da ake horarwa a Depot na Zariya suna shiga ne da ƙananan shekaru, ko kuma ƙaninsa, ƙanwarsa, ɗansa, wani dai a gidan da yake ganin mutumin da ya sani ya dawo ba yadda ya tafi ba.

Ai littattafan Hausa na waya cike suke da sojoji, meye sabo a nan?

Cike suke kam, a Wattpad da rukunonin WhatsApp ba a rasa su, amma ku duba wane soja ne. Kusan kullum kyaftin ne ko manjo, kyakkyawa, miskili, gidansu da kuɗi, baya dariya sai ya haɗu da yarinyar. Kakin ado ne kawai a jikinsa. Ni abin da nake so in gani shine kofur mai igiya biyu wanda albashinsa ake jira a biya wa ƙanne kuɗin makaranta, wanda ya yi shekaru a Borno ba tare da ya ga haihuwar 'yarsa ba, ya samu fas ya zo gida yarinyar tana ganinsa ta fashe da kuka ta ɓuya bayan uwarta saboda bata san shi ba. Tun 2009 ake wannan rikici na Boko Haram, an yi Operation Lafiya Dole daga 2015, aka canza suna zuwa Hadin Kai a 2021, yaran da aka haifa a farkon rikicin yanzu sun isa karanta littafi, kuma akwai da yawansu a barikin Bukavu a Kano ko Maimalari a Maiduguri ko Jaji waɗanda wannan ita ce rayuwar gidansu. A Nijar ma haka, akwai gidajen da ɗansu ya yi aiki a yankin Diffa da Bosso.

Me yake faruwa da mutum idan ya dawo? Dole ne ya zama ya samu taɓin hankali?

A'a, kuma nan ne marubuta suke yawan zamewa. Sojoji da yawa suna dawowa su ci gaba da rayuwa lafiya, wasu sai sun ɗau watanni kafin jikinsu ya yarda cewa babu mai harbinsu, wasu kuma abin ya zauna musu ya zama ciwo wanda likitoci ke kira PTSD, an fara sa shi a jerin cututtuka da wannan sunan a Amurka a 1980 bayan abin da aka gani a jikin waɗanda suka dawo daga Vietnam. Alamunsa ba wai mutum ya yaga riga ya shiga titi bane. Barci ne yake gagara, ko ya zo da mugun mafarki, tayar mota ta fashe ko yara su tashi nokawut a bakin layi sai ka ga mutum ya kwanta a ƙasa kafin ma ya san ya yi, baya zama ya ba ƙofa baya, idan ana tafiya a mota idonsa na kan duk wata sabuwar ƙasa da aka tona a gefen hanya saboda can nakiya ake binnewa a irin wurin. Ga saurin fushi kan abin da bai kai ba, ga gudun taron biki da kasuwa. Akwai kuma wanda ya fi duk waɗannan nauyi, jin cewa me ya sa ni na tsira abokina da muke cin abinci kwano ɗaya bai tsira ba.

Idan kana rubutu, waɗannan ƙananan abubuwa su ne labarin. Ba sai ka kai mu Sambisa ka zuba mana gawarwaki ba. Ka sa ƙanwarsa 'yar shekara 16 ta tashi shan ruwa ƙarfe uku na dare ta tarar da shi zaune a tsakar gida da takalmi a ƙafa, ta ce Yaya lafiya, ya ce mata koma ki kwanta iska nake sha, kuma gobe ma haka, jibi ma haka.

Yaya mutanen gida za su ɗauki abin a cikin labarin?

Yadda gidan Bahaushe zai ɗauka. Hajiya za ta ce sammu ne ko iska ya taka a daji, a nemo malam a yi ruƙiyya, a kawo rubutu da hayaƙi. Baba zai ce namiji ne, ya daure. Maƙwabta su fara cewa ai dama sojoji shaye-shaye suke. Shi kuma ba zai ce komai ba saboda yana tsoron a ce ya gaza, ko maganar ta shafi aikinsa. Don Allah kar marubuci ya mayar da uwar jahila abin dariya, tana yin iya abin da ta sani ne saboda ɗanta. Addu'a da asibiti suna iya tafiya tare a labari kamar yadda suke tafiya tare a gidaje da yawa, kuma asibitocin suna nan, akwai na ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri da Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato, ga asibitin sojoji na 44 a Kaduna. Ranar da wani a gidan ya iya furta mu je asibiti ba tare da an ji kamar zagi bane, wannan babi ne guda mai ƙarfi.

Soyayya fa? Ba za a sa ba?

A sa mana, matasa ne. Abin da bana so shine a ce yarinya ta warkar da shi da kyau da shagwaɓa cikin babi uku, ko mafi muni, ya riƙa marinta ana cewa ai yaƙi ne ya sa, ta yi haƙuri. 'Yan mata 'yan sakandare ne ke karanta wannan, ciwo yana bayyana dalilin abu amma baya halatta duka, kuma labarin ya kamata ya bari wani ya faɗa masa haka a fuskarsa.

Dole sai yaƙin yanzu?

Ko kaɗan. Kakanninmu sun je Burma a yaƙin duniya na biyu, an yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, an je Laberiya da Saliyo da ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, a shekarun 1990, duk 15 ga Janairu ana bikin tunawa da mazan jiya amma ba kasafai ake tambayar tsohon da ke gadi a bakin get me ya gani ba. Jika da ya tsinci lambar yabo a tsohuwar adakar kakansa ya fara tambaya, labari ne. Sannan ga 'yan kato da gora da suka tashi a Maiduguri a 2013, samari ne da suka ga abin da soja ya gani ba tare da bariki ko kakin soja ba, wasu makaranta suka bari, su ma sai an koma gida.

Ban taɓa shiga bariki ba, ta ina zan fara?

Ka fara da mata da 'ya'yan sojoji kafin sojan, su ne suka san yadda ake jiran kiran waya daga inda babu sabis, da yadda gaba ke faɗuwa idan aka ga hafsa ya nufo ƙofa. Idan ka samu soja ya yarda ya yi hira da kai, kar ka taɓa tambayarsa mutum nawa ya kashe. Tambaye shi me yake ci a can, wa yake masa aski, me ya fara yi da ya shigo gida. Ka koyi jerin muƙamai don kar ka sa saje yana ba laftana umarni, ka canza suna da gari da duk abin da zai sa a gane shi, kuma ka nuna masa babin da ya shafe shi kafin ka saka a waya.