Idan Maƙwabci Ya Yi Sakaci da Karensa: Tambayoyi da Amsoshi

Ta yaya zan gane sakaci ne, ba bambancin salon kiwo ba?

Ba duk karen da ke kwana a waje ne aka wulaƙanta ba. Idan yana da inuwa, ga ruwa, ga abinci, jikinsa a murje, to babu abin da ya kai ka, ko da kai ba haka za ka riƙe naka ba. Sakaci shi ne a tauye wa dabba abin da rayuwarta ta rataya a kai. Dokar walwalar dabbobi ta Ingila ta shekarar 2006 ta lissafa buƙatu biyar, kuma ma'auni ne mai kyau a ko'ina: wurin zama da ya dace, abinci da ruwa, damar yin ɗabi'unsa na kare, zama da wasu ko ware shi gwargwadon halinsa, da kariya daga ciwo da rauni da wahala.

Likitocin dabbobi suna auna ƙibar kare daga 1 zuwa 9. Maki 4 ko 5 shi ne daidai: hannu yana jin haƙarƙari amma ido ba ya ƙirga su daga nesa. Wanda ke kan 1 ko 2 kuwa, haƙarƙari da ƙashin baya da ƙasusuwan ƙugu duk sun fito fili. Sai dai rama ita kaɗai ba hujja ba ce. Karnukan tsere da na farauta sirara ne tun halitta, karya mai shayarwa tana zubewa, tsohon kare mai ciwon ƙoda ma haka, alhali masu su na iya bakin ƙoƙarinsu. Abin da ke tabbatar da sakaci shi ne alamu su taru kuma su daɗe: kwanon ruwa a bushe kwana da kwanaki, kashi jibge inda yake kwanciya, kaska cike da kunne, gashi na zubewa saboda ƙazuwa, miki a buɗe ƙudaje na bi.

Wane hali ne ba a jira a kansa?

Zafi da ƙishirwa. Kare yana buƙatar ruwa kimanin mililita 50 zuwa 60 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Mai kilo 20 zai sha lita ɗaya ko fiye, lokacin zafi kuma abin ya ƙaru sosai. Ba ya gumi kamar mutum sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa. Da haki yake sanyaya jikinsa. Zafin jikinsa na yau da kullum digiri 38 ne zuwa 39, kuma da zarar ya haura 41 kayan cikinsa sun fara lalacewa. Idan ka ga haki ba tsayawa, miyau mai kauri na dalala, dasashi ya yi jajir, yana tangaɗi ko ya faɗi, a buga wa mai shi ƙofa nan take. A kai karen inuwa, a riƙa kwarara masa ruwa mai sanyi a jiki, musamman ciki da cinyoyi, ana yi masa fifita. Kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tsumma, riƙe zafi yake yi. Kada a ɗura masa ruwa a baki, zai shaƙe. Daga nan sai likita, ko da ya miƙe, domin illar kan fito bayan wasu awoyi.

Miki mai tsutsa ma na gaggawa ne. Ƙwan ƙuda yana ƙyanƙyashewa cikin kwana ɗaya, tsutsar kuma ciki take nutsawa.

Yaya zan tunkari maƙwabcin ba tare da an yi rigima ba?

A nan akasari ake ɓata lamarin. Mutum ya haɗiye abin wata uku, ranar da ya cika ya batse sai ya fita yana faɗa. Mai kare ya ji an ci masa fuska, ya rufe ƙofa, wani lokaci ma ya mayar da karen bayan gida inda ba mai gani. Ka huce, karen kuma ya ƙara shiga uku.

Ka sami maƙwabcin shi kaɗai, ba a gaban iyalinsa ko baƙi ba, kuma ba lokacin da karen ya hana ka barci ba. Ka ɗauki abu guda da idonka ya gani, ka bar halinsa. Alal misali: "Maƙwabci, na lura da rana tsaka inuwa tana barin inda karenku yake, kuma yakan kifar da kwanon ruwansa. Ina da wani bokiti mai nauyi da ba na amfani da shi, ko in kawo muku?" Magana irin wannan ta ba shi ƙofar gyara ba tare da ya amsa laifi ba. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Ka kuma saurara, domin dalilin ne zai nuna maganin. Wani rashin sani ne: yana fita da safe inuwa na nan, bai san ta gushe da azahar ba. Wani rashin kuɗi ne, wani tsufa ko jinya, wani kuma yaro ne ya kawo ɗan kwikwiyo, ya girma, ɗoki ya wuce. Mai mugunta da gangan yana nan, amma shi ba da lallashi ake gyara shi ba; nasa na hukuma ne.

Zan iya ba karen abinci da kaina?

Da izinin mai shi, eh. Ba tare da izini ba, ka buɗe wa kanka ƙofar zargi: ranar da karen ya kwanta ciwo, kai za a nuna. Ruwa ya fi sauƙin samun yarda, kuma shi ya fi gaggawa.

Karen da ya daɗe cikin yunwa ba a cika masa kwano. Jikinsa ya saba da rashi, idan abinci mai yawa ya shiga lokaci guda sai sinadaran jini irin su fosfet da fotasiyam su faɗi warwas, zuciya ta rikice, ya mutu a hannun mai taimako. Ana farawa da kusan kashi ɗaya bisa uku na abin da ya kamata ya ci, a raba sau huɗu ko fiye a yini, a riƙa ƙarawa cikin kwanaki, kuma gara likita ya tsara. A guji albasa, tafarnuwa, cakulan, inabi da dafaffen ƙashi mai tsagewa. Maganin ciwon jiki na mutane kamar ibuprofen yana huda masa ciki ya taɓa ƙoda. Kada a ba shi.

Ɗaure kare da sarƙa dare da rana laifi ne?

Ya danganta da dokar wurin. Wasu garuruwa sun ƙayyade awoyi, wasu ba su ce komai ba. Illarsa dai ba ta da gardama. Sarƙa takan nannaɗe a turke har ya kasa kai wa ga ruwa, wanda ya yi tsallen katanga da ita kuma yakan rataye. Mafi muni shi ne abin wuyan da aka sa wa kwikwiyo aka manta: yana girma abin yana nutsewa cikin nama. Ƙa'ida ita ce yatsu biyu su shige tsakanin abin wuya da fata. Karen da ba shi da hanyar gudu kuma cizo ne kaɗai makaminsa, shi ya sa ba a barin yara su matso kusa da ɗaurarre. Yawan haushin da ke damun unguwa ma sau da yawa daga nan yake: kaɗaici ne da rashin motsa jiki.

Akwai haɗari ga iyalina?

Akwai. Wanda bai ba karensa ruwa ba, da wuya ya yi masa rigakafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kusan duka ta hanyar karnuka. Idan karen ya ciji wani ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a tafi asibiti a ranar don allura. Ba a jiran alamu, domin da zarar sun bayyana kusan babu mai tashi. Karen kuma a killace shi a sa masa ido kwana 10. Kashinsa yana ɗauke da ƙwan tsutsar ciki da ke daɗewa a ƙasa, yara masu wasa da ƙasa su suka fi kamuwa. Akwai kuma nau'in ƙazuwar da ke sa mutum ƙaiƙayi idan ya taɓa shi.

Magana ta ƙi ci. Ina zan kai ƙara, kuma da me?

Ofishin kula da lafiyar dabbobi na yankinku, ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi idan akwai, ko 'yan sanda idan duka ne ko rai na cikin haɗari. Idan gidan haya ne, mai gidan ma yana da ta cewa.

Gani ya kori ji. Ka riƙa rubuta rana da lokaci da abin da ka gani: "Talata, ƙarfe 2 na rana, ba ruwa, ba inuwa." Ka ɗauki hoto daga gidanka ko daga titi, kwanaki daban-daban, don jami'i yana iya zuwa ya tarar an zuba ruwa a ranar. Kada ka ƙara gishiri. Ƙarya ɗaya tana rushe gaskiya goma. Ka roƙa a sakaya sunanka, ka karɓi sunan wanda ya saurare ka, ka sake tuntuɓa bayan mako guda. Ka sani kuma yawanci da gargaɗi da wa'adin gyara ake farawa, ba da ƙwace karen ba. Watsa hoton gidan mutum a Facebook ba ya ciyar da kare, ƙarar ɓata suna kawai yake jawowa.

In tsallaka in kwance shi mana?

A'a. A idon doka kare dukiya ce. Shiga gida ba izini laifi ne, ɗauke shi sata ce, kuma ka lalata shaidar da za ta ƙwato shi ta hanyar da ba za a mayar ba. Sa guba kuwa, wanda wasu ke yi idan haushi ya ishe su, laifi ne babba, kuma abin da aka ajiye wa kare yaro ko wata dabba na iya riga shi ɗauka.

Hanyar da ta fi aiki ita ce ka tambayi mai shi kai tsaye ko zai bayar da karen. Wanda ya gaji da shi yakan amince idan ba a kunyata shi ba. Ka tanadi inda za a kai shi tun kafin ka yi maganar, a rubuta takardar miƙawa da kwanan wata da sa hannun shaida, sannan a wuce da shi wurin likita kafin ya haɗu da wasu dabbobi. Idan saya za ka yi, ka yi tunani sau biyu: wanda ya ga kuɗi ya fito daga ramammen kare, ba wuya ka wayi gari ka ga sabon kwikwiyo a kan turken.