Waiwaye: Yadda araha da ƙwarewa suka haɗu a ɗurin harsashi da hannu

Tun daga 2020 ake ta ja-in-ja tsakanin masu gasar harbin nesa a Amurka kan ko ɗura harsashi da hannu yana da sauran amfani ga mai ƙaramin ƙarfi. Wasu sun ce zance ya ƙare: albarushi ya yi tsada, ƙyastun da ke tada wuta a gindin harsashi ya yi wuyar samu, kuma harsashin da kamfanoni ke yi domin gasa ya inganta har ba a ganin dalilin shan wahala. Wasu kuma suna rantsuwa cewa wanda bai mallaki sikelin lantarki mai tsadar gaske na auna albarushi ba, kada ma ya tunkari allon da ke yadi 1000. Duka ɓangarorin suna magana kamar jiya abin ya faɗo daga sama. Ni kuwa a ganina wannan muhawara an daɗe da shuka ta.

Farkon labarin sananne ne. A 1866 Edward Boxer na Ingila da Hiram Berdan na Amurka kowa ya fito da nasa samfurin ƙyastu. Na Boxer rami ɗaya gare shi a tsakiyar gindin kwanson harsashi, ana iya turo tsohon ƙyastu waje cikin sauƙi, shi ne kuma ya samu karɓuwa a Amurka, abin da ya sa sake ɗura kwanso ya zama ruwan dare a can. A 1874 aka yi shahararriyar gasar harbi a filin Creedmoor na jihar New York tsakanin Amurkawa da 'yan Ailan a kan yadi 800 da 900 da 1000. A 1884 Paul Vieille na Faransa ya samar da albarushi marar hayaƙi, a shekarar ne kuma kamfanin Ideal ya fara ƙera kayan ɗuri na hannu. Zuwa ƙarshen shekarun 1920 an samu ƙyastun da ba ya cin bututun bindiga. Wannan duk an sha faɗa.

Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne 1947, da 'yan shekarun da suka gabace ta.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu masana'antun Amurka sun koma yi wa soja aiki, farar hula suka rasa harsashi. Rashi ya koya wa mutane dabara. Vernon Speer da Joyce Hornady suka riƙa tattara kwanson ƙananan harsasai masu lamba .22 da aka riga aka harba, suna mayar da su rigar da ake sa wa dalmar kan harsashi. Fred Huntington ya fara ƙera ƙarafan matse kan harsashi a 1943 a Oroville ta Kalifoniya, daga nan kamfanin kayan ɗuri na RCBS ya samo asali. Waɗannan mutane ba neman lambar yabo ya sa su ba, babu ce ta sa su. Da yaƙi ya ƙare sai al'amari ya juye: gwamnati ta wayi gari da tulin albarushin da ba ta da abin yi da shi. A 1947 Bruce Hodgdon, mutumin Kansas, ya ci bashi ya sayi laba 50,000 na albarushin soja mai lamba 4895, ya adana a tsohon taragon jirgin ƙasa, ya shiga sayar da ganga mai laba 150 a kan dala 30 ban da kuɗin dako. A lissafa, laba ɗaya ta tashi santi 20 ke nan. Ga kwanson soja ko'ina, ga bindigogin gwanjo, ga dubban samari da suka dawo daga fagen fama sun iya bindiga kamar yadda suka iya tafin hannunsu.

A wannan shekarar dai, a garin Johnstown na jihar New York, wasu maharba suka taru suka yi gasar da ake ɗora bindiga a kan tebur, a tallafe ta da jakunkunan yashi. Manufarsu ita ce a cire rawar hannun mutum daga lissafi, a ga iya abin da bindiga da harsashi kaɗai za su yi. Ba wanda ya fi bugun tsakiya ake nema ba, wanda harsasansa suka fi taruwa wuri guda ake nema. A 1951 suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa. Daga hannun waɗannan mutane ne kusan duk wata al'ada ta ɗurin ƙwararru ta fito: daidaita tsawon kwanso, kula da kaurin wuyansa, lura da tazarar da ke tsakanin kan harsashi da zanen cikin bututu, rubuta komai a littafi.

To, a nan ne nake ganin tushen muhawarar yau yake. Abubuwa biyu da ba dangin juna ba suka zo a lokaci guda. Ɗaya araha ce da ragowar yaƙi ta haifar, wadda dole wata rana ta ƙare. Ɗayan kuma ilimi ne na daidaito, wanda ba ya ƙarewa amma yana da nasa kwaɗayin kayan aiki. Da yake tare suka iso, sai tsara guda ta tashi da imanin cewa ɗuri da hannu ta halitta ya fi araha kuma ya fi kyau. A 1958 Richard Lee ya fito da ɗan ƙaramin kayan ɗuri na hannu, wanda ke shiga cikin ɗan akwati, imanin ya ƙara kafuwa, domin yanzu mai ɗaki ɗaya ma ya samu shiga. Amma albarushin gwanjo ya ci gaba da raguwa har ya ƙare, aka koma sayen sabo a farashin sabo. Arahar ta fara zamewa tun a lokacin, sannu a hankali, yadda mutane ba su ankara ba.

Shi kuwa ɓangaren daidaito sai gaba yake yi. Na'urar auna gudun harsashi, wadda da sai ɗakin gwaji, ta fara shiga hannun talakawan maharba daga shekarun 1960, kuma aikin Ken Oehler na da hannu sosai a wannan. Ta nuna wa kowa dalilin da ya sa nesa ba ta yafiya. Harsashi mai lamba .308 yana ɗaukar kusan daƙiƙa ɗaya da rabi kafin ya kai yadi 1000, kuma duk tsawon wannan lokaci ƙasa na jan sa. Harsashin da gudunsa ya ɗan gaza sai ya faɗi ƙasa da ɗan'uwansa. Bambancin da ba a gani a yadi 100, a yadi 1000 sai ya koma inci da yawa, alhali a gasar harbin nesa da ake kira F-Class zoben tsakiyar allo inci 5 ne kacal. Wannan gaskiya ce. Sai dai daga gare ta aka tsallaka zuwa wani tunani da ban yarda da shi ba, wai duk abin da za a iya aunawa dole a saye na'urar auna shi.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake yanke hukunci da harbi uku. Mutum ya gwada ɗuri iri goma, kowanne harsashi uku, ya zaɓi wanda ya fi taruwa, ya ce ya gano sirrin bindigarsa. Sau da yawa sa'a ce kawai ya gani. A 'yan shekarun nan masu nazarin tafiyar harsashi sun yi ta nuna cewa sai an yi harbi ashirin ko talatin kafin a san gaskiyar ɗuri, kuma idan aka yi hakan, yawancin bambance-bambancen da ake taƙama da su ɓacewa suke yi. Ga mai ƙaramin ƙarfi wannan albishir ne. Kan harsashi mai kyau, kwanso daga tsari guda, sikeli mai hannu da aka kula da shi, da tsayawa cikin iyakar da littattafan kamfanoni suka gwada suka buga, su ne ke ɗauke da mafi yawan nauyin. Ƙetare wannan iyaka ba bajinta ba ce, matsin iskar da ke cikin bututu na iya tarwatsa bindiga a fuskar mai ita. Sauran kuɗin ya fi amfani a filin atisaye, wurin koyon karanta iska, wadda a yadi 1000 ta fi kowane kuskuren awo ture harsashi.

Ƙarancin kaya na 2009 da na 2013 da na 2020 ya tona abin da aka daɗe ana rufewa. Mai ɗuri da hannu yana iya sake amfani da kwanso sau da dama, amma ƙyastu da albarushi daga masana'antu ƙalilan suke fitowa, kuma su ne dai ake buƙata wajen yin cikakken harsashi. Idan buƙata ta yi tashin gwauron zabi, mai ɗuri da hannu ne a ƙarshen layi. A 1947 ma a ƙarshen layin yake, sai dai a wancan lokaci abin da ya rage bayan kowa ya ɗiba ya cika taragon jirgi.