Kuɗin sallama bayan hutun reno a Jamus: yadda ake cire masa haraji

A Jamus uwa ko uba na da damar hutun reno har shekara 3 kan kowane yaro, kuma a ƙa'ida ba a korar mutum a lokacin. Shi ya sa kamfanin da ba ya son ki dawo zai miƙo miki takardar rabuwa cikin lumana tare da kuɗin sallama, wanda Jamusawa ke kira Abfindung.

Yawanci ba a cire kason fansho ko inshorar lafiya daga kuɗin nan, amma haraji yana hawansa duka, tunda an soke kason da ake yafewa a 2006. Sauƙin da ya rage yana sashe na 34 na dokar harajin kuɗin shiga. Ofishin haraji zai raba kuɗin gida biyar, ya ɗora kaso ɗaya kan sauran samunki na shekarar, ya ga harajin da ya ƙaru, sannan ya ninka ƙarin sau biyar. Sharaɗin shi ne a biya kuɗin a dunƙule cikin shekara guda.

A nan ne hutun reno ke da amfani. A ce an ba ki Yuro 40,000 a shekarar da ba ki da albashi ko wani samu. Kaso ɗaya shi ne 8,000, bai kai 12,096 da ba a cire wa haraji a 2025 ba, don haka kina iya tsira da kusan duka. Amma idan kika karɓi wannan kuɗin bayan kin koma aiki wata takwas, haraji zai ci rabo babba. Abin da ke damuna shi ne iyaye kan dage a kan adadin kuɗi, su bar wa kamfani zaɓen ranar biya.

Tallafin reno na gwamnati, Elterngeld, ba shi da haraji, sai dai yana ɗaga mizanin harajin da ake ɗora wa sauran kuɗinki. Albashin maigida ma yana shiga lissafi idan kuna cike takardar haraji tare.

Daga Janairun 2025 kamfani ya daina yin sauƙin nan na raba kuɗin gida biyar wajen biya. Zai cire cikakken haraji, sai kin cike takardar harajin shekara a maido miki da rarar. Kafin ki sa hannu kuma ki tuntuɓi ofishin samar da aiki, domin yarda da rabuwa na iya sa a dakatar miki da kuɗin rashin aiki har mako 12.