Waiwaye: yadda guntayen takarda suka haifi flexagon

Wallahi ba wanda ya zauna da niyyar ƙirƙiro flexagon, wato abin wasan nan na ninkakkiyar takarda mai sauya fuska. A 1939 wani ɗalibi ɗan Ingila, Arthur Stone, ya je karatun lissafi a jami'ar Princeton ta Amurka, sai ya tarar takardun can sun fi fayil ɗin da ya zo da shi faɗi, dole ya riƙa yanke gefensu. To maimakon ya watsar da guntayen sai ya hau ninke su yana wasa, kawai sai ga wani abu mai kusurwa shida, in ka matse kusurwoyi uku ka buɗe tsakiya kamar fure sai wata fuska da ba ka gani ba ta ɓullo. Takarda fa, amma fuska uku!

Yadda ake yi kuwa ba wuya. Ka yanki siririyar takarda ka ninke ta gida goma na alwatika masu gefe daidai, tara ne na aiki, na goman wajen sa gam ne. Kafin ka liƙe ka bi kowane layi ka ninke gaba da baya ya yi laushi, in ba haka ba matsawar farko zai yage maka a hannu.

Stone bai tsaya nan ba, ya yi mai fuska shida da gida 19. Abokansa suka kamu, har kwamiti suka kafa, akwai Bryant Tuckerman da John Tukey da Richard Feynman, eh masanin kimiyyar nan da ya ci kyautar Nobel a 1965 ɗin. Tuckerman ne ya gano dabarar zagaya duka fuskokin, wato ka ci gaba da matsa kusurwa ɗaya har ta ƙi buɗewa sannan ka koma ta kusa da ita. Yaƙin duniya na biyu ya zo ya tarwatsa su, bayanin lissafin da suka rubuta ma ba a buga ba.

Sai a Disamba 1956 wani marubuci, Martin Gardner, ya yi rubutu a kai a mujallar Scientific American, mutane suka rikice da ninke takarda, daga nan aka ba shi shafin wasannin lissafi da ya riƙe shekara da shekaru.

Ni dai mai fuska shidan ya fi ba ni haushi da daɗi, fuska ta 1 da 2 da 3 sai dawowa suke, ta 4, 5 da 6 kuwa sai ka yi ta nema kamar ba ka shafa musu kala da hannunka ba.