Wa ya ce ka ajiye maganin hawan jinin?

Jama'a assalamu alaikum. Yau sai dai ku yi haƙuri da ni don faɗa zan yi, tura ta kai bango.

Duk wanda yake aiki a asibiti, a ɗakin da ake kwantar da manya, ya sani, in ka bi gadajen nan ɗaya bayan ɗaya kana buɗe fayil, ba wasu baƙin cututtuka za ka tarar ba. Shanyewar ɓarin jiki ne, zuciya ce da ta gaji har ƙafa ta kumbura mutum ba ya iya barci sai a jingine, ƙoda ce da ta tsaya ana maganar wankin ƙoda da na'ura, sai kuma masu ciwon suga. Da yawansu kuma in ka koma shafin farko labarin ɗaya ne, an san yana da hawan jini, an ɗora shi a kan magani, ya sha na ɗan lokaci, ya ajiye. Ba rashin sani ba ne fa. An auna, an gaya masa, an rubuta masa, har ya saya da kuɗinsa. Ajiyewa kawai ya yi.

Kwanaki aka kawo mana wani dattijo da asuba, baki ya karkace, hannun dama ya saki, yana son magana harshe ya ƙi. Na ce wa ɗansa ya ba ni magungunan da yake sha. Ya zaro leda daga aljihu na zazzage a kan tebur, ƙwayoyin nan suna nan cif, biyu ko uku kawai aka ɓalla, kwanan watan da ke jikin takardar likita kuwa ya kwana biyu sosai. Na ce Malam, Baba yana shan wannan kuwa? Ya sunkuyar da kai ya ce "Ai ya ce ya warke, da aka auna an ce jinin ya sauka." Baban yana kwance yana jin mu, ba halin ya sa baki.

Haba jama'a! Jinin ya sauka ne SABODA maganin. Mai sa tabarau in ya ga rubutu tar ai ba ya cewa idona ya warke ya jefar da tabarau. Hawan jini ga yawancin mutane ba ya warkewa, riƙe shi ake yi, ranar da ka saki ya koma inda ya fito, kuma ba zai yi maka sallama ba.

Wannan magana ba ni na ƙago ta ba, kuma ba don a sayar muku da ƙwaya ba ne. A da can likitoci da yawa su ma ba su ɗauki hawan jini da zafi ba, wasu gani suke abu ne na girma kawai. Shugaban Amurka Roosevelt a 1945 jini ne ya fashe masa a ƙwaƙwalwa ya mutu, awonsa a ranar ya kai 300 bisa 190, shugaban ƙasa guda da likitocinsa a gefe. A 1948 aka fara bin diddigin mutum 5,209 a garin Framingham na Amurka shekara da shekaru, a nan aka ga ƙarara cewa masu hawan jini su ne suka fi kamuwa da ciwon zuciya da shanyewar jiki.

Amma wanda nake so ku riƙe shi ne wanda aka fitar a 1967. Wani likita mai suna Edward Freis da abokan aikinsa suka ɗauki maza 143 a asibitocin tsofaffin sojoji na Amurka, duk jininsu ya hau sosai, aka raba su gida biyu. Kashi ɗaya aka ba su maganin gaske, ɗaya kashin aka ba su ƙwayar da babu magani a cikinta, don a lokacin ba a tabbatar maganin yana da amfani ba. A cikin waɗanda ba su samu maganin gaske ba mutum 27 suka faɗa cikin mummunar matsala, har da masu mutuwa. A cikin masu shan magani, mutum 2. Ku sake karantawa, 27 da 2. Dole aka tsayar da binciken tun lokacinsa bai cika ba aka ɗora kowa a kan magani, don barin mutum haka ya zama zalunci. Yau babu kwamitin da zai yarda likita ya bar mai irin wannan jini babu magani da sunan bincike. To kai da ka ajiye naka a ƙarƙashin filo, da hannunka ka kai kanka cikin wancan kashin da aka ji tausayinsu aka fitar da su.

Kada wani ya ce ai wannan a kan Turawa aka yi. A 2016 an fitar da wani babban bincike a kan shanyewar jiki, mutum kusan 27,000 daga ƙasashe 32 har da na Afirka, aka ga kusan rabin shanyewar jiki hawan jini ne silarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma a rahotonta na 2023 ta ce manya biliyan 1.3 ne ke da hawan jini, kusan rabinsu ba su ma sani ba, kuma 1 cikin 5 ne kawai jininsu yake zaune yadda ake so. Wanda bai sani ba ina masa uzuri. Kai da ka sani fa?

Uzurorin kuwa na haddace su. "Ba na jin komai." Eh mana, hawan jini dama ba a jin sa, mutum yana yawo awon jininsa ya hau har 180 yana raha da mutane. "Sai na ji ciwon kai nake sha." Hajiya wannan ba maganin ciwon kai ba ne, kanki ba na'urar awo ba ce. "An ce yana lalata ƙoda." Wa ya ce? Ku zo ku ga masu wankin ƙoda ku tambayi nawa ne hawan jini da suga suka kai su can. "Kar jikina ya saba da shi." To ya saba mana, me ya yi zafi?

Akwai kuma masu wayo, waɗannan su suka fi ba ni takaici wallahi. Ba ya sha duk wata, sai ana gobe ranar ganin likita ya haɗiya, da safe ma ya ƙara, don kar a yi masa faɗa. In awon ya yi kyau likita ya ce madalla a ci gaba a haka, in bai yi kyau ba likita ya ɗauka maganin ne ya yi kaɗan ya ƙara masa wani a kai. Ka ga an rubuta ƙarya a fayil ɗinka, duk wanda zai duba ka gobe a kanta zai ɗora. Wa ka cuta?

Na san wasunku da gaske maganin yana damunsu, ba na musu. Amlodipine yana kumbura wa wasu ƙafa. Lisinopril yana sa wasu busasshen tari mai hana barci. Wani yana sa yawan fitsari. Akwai mazan da yake taɓa musu ƙarfin iyali su ji kunyar faɗa, sai su yi shiru su ajiye. Alhaji don Allah ka faɗa, mun ji wanda ya fi wannan, ba wanda zai yi maka dariya. Magungunan hawan jini kala-kala ne, in wannan bai karɓe ka ba a canza maka. In kuɗi ne ya yanke ma ka faɗa, akwai masu sauƙi da suke aiki lafiya lau. In kin samu ciki ko kina neman samu, ki zo da wuri, don akwai waɗanda ba a sha da ciki, canzawa za a yi ba dainawa ba.

A taƙaice dai, don na ga na cika ku da surutu:

- Sha kullum, lokaci ɗaya, ko kana jin garau.
- Ka sayi wani tun kafin na hannunka ya ƙare.
- In ka manta jiya kada ka haɗa biyu yau.
- Kada ka ari na maƙwabci ko na matarka don shi ma na hawan jini ne.
- Rage gishiri, kada ya kai ƙaramin cokali ɗaya a yini gaba ɗaya.
- Diclofenac da ibuprofen da kuke sha barkatai don ciwon jiki suna tayar da jini suna taɓa ƙoda, ku tambaya tukuna.
- In an tambaye ka kana sha, faɗi gaskiya. Faɗan minti biyu ne.

Ku kuma 'ya'ya da mata da kuke gida, kada ku tsaya a "Baba ka sha magani?" ya ce eh ku wuce. Ku ba shi a hannu ga ruwa, ku ga ya haɗiye. In kuma kun ga baki ya karkace, ko hannu ko ƙafa ta saki, ko magana ta sarƙe farat ɗaya, ba a jira gari ya waye, ba a cewa bari mu ga zuwa anjima. Asibiti kai tsaye, don akwai allurar da ke narkar da gudan jinin da ya toshe jijiya amma cikin awa 4 da rabi na farko ake yin ta, kuma sai an yi hoton kai. Kada ku ɗura masa ruwa ko ƙwaya a baki, zai iya shaƙewa. Ku duba agogo ku riƙe lokacin da abin ya fara, shi za mu fara tambayarku.